Riƙon Kare da Kyanwa: Amana a Gidan Mai Bi

Karatu: Maimaitawar Shari'a 22:1-4

Bari kowa ya ɗauko Littafi Mai Tsarki nasa ya buɗe Maimaitawar Shari'a sura 22, daga aya 1 zuwa 4. Masu tsohon juyi za su ga an rubuta Kubawar Shari'a. Idan kuwa Allah ya sa kuna da wannan littafi cikin yarenku, ku karanta wa yara da tsofaffi da harshen gida domin kowa ya gane.

Maganarmu ta yau a kan kare ne da kyanwa. Mun sani wani zai yi dariya ya ce, yau kuma masu wa'azi sun rasa abin faɗi ne? Ku yi mana haƙuri kaɗan, mu ji abin da Maganar Allah ta ce tukuna.

A cikin ayoyin nan, Musa yana koya wa Isra'ilawa abin da za su yi idan suka gamu da dabbar wani tana gantali. Mai dabbar idan yana kusa, a kora masa abinsa gida. Idan yana nesa, ko ba a san ko wane ne ba, wanda ya tsinci dabbar shi ne zai kai ta gidansa. Za ta ci a wurinsa, ta kwana a wurinsa, har ranar da mai ita ya zo cigiya, sa'an nan ya miƙa masa. Musa ya ambaci sa, da tunkiya, da jaki, da tufa, ya kuma haɗa da kowane irin abu da mutum zai iya ɓatarwa. Abin da ya hana shi ne mutum ya kawar da kai kamar bai gani ba. A Fitowa 23:4-5 ma an ƙara nauyin abin, gama a can dabbar ta maƙiyinka ce, duk da haka wajibi ne ka taimake ta.

Wannan shi ne muke kira riƙo, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da yawa cikinmu a hannun gwaggo ko kawu muka girma. Muna kuma ba juna akuya kiwo. Mai riƙo ya san abu biyu: abin da ke hannunsa ba nasa ba ne, kuma za a tambaye shi yadda ya riƙe.

Yadda aikin yake a wasu ƙasashe

A ƙasar Ingila da Amurka wannan aiki yana da tsari. Akwai gidaje da ake tara karnuka da kyanwoyin da aka tsinta a titi, ko aka ƙwace daga hannun masu azabtar da su. Amma gidajen sukan cika. Akwai kuma dabbobin da zaman taro ba ya yi musu kyau, kamar jariran da ba a yaye ba, da marasa lafiya, da tsofaffi, da waɗanda duka ya sa su tsoron mutane. Don haka akan nemi masu aikin sa kai su ɗauki dabba ɗaya ko biyu zuwa gidajensu na 'yan makonni ko watanni. Yawanci ƙungiyar ce ke biyan kuɗin abinci da na magani, mai riƙo kuma ya ba da wuri da lokacinsa, ba a biyansa albashi. Idan dabbar ta murmure aka sami mai so, sai mai riƙo ya sallame ta, ya karɓi wata.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, akwai hannun masu bi a tushen wannan aiki. A shekara ta 1824 wasu mutane suka taru a birnin Landan suka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi, wadda yau ake kira RSPCA. Wanda ya kira taron wani fasto ne na Angilikan mai suna Arthur Broome. A cikin waɗanda suka zauna har da William Wilberforce, mutumin da ya yi shekaru yana fama a majalisar Ingila domin a hana cinikin bayi. Bashin da ƙungiyar ta ci ya kai faston nan gidan yari. A 1860 wata mace mai suna Mary Tealby ta buɗe gida a Landan domin karnukan da suka ɓata da masu yunwa. Shi ne gidan Battersea, wanda ya fara karɓar kyanwoyi a 1883, har yanzu kuma yana aiki.

A 2004 wata ƙungiyar karnuka ta Ingila mai suna Dogs Trust ta fara wani shiri domin waɗanda suke gudun duka da wulakanci a gidan aure. An lura cewa mace takan zauna cikin wahala domin mafakar da za ta je ba a karɓar dabba, tana kuma tsoron abin da za a yi wa karen idan ta bar shi. Sai wani iyali ya riƙe mata karen a asirce har ta sami wurin zama, sa'an nan a mayar mata. Kun ga, jinƙan da aka yi wa kare ya buɗe wa mutum hanyar tsira. Wannan daidai yake da abin da muka karanta a littafin Musa.

Mu fa?

A yawancin garuruwanmu da ƙauyukanmu babu irin waɗannan gidaje, babu kuma ƙungiyar da za ta biya mana kuɗin abinci. Amma dabbobin suna nan. Lokacin ambaliyar kogin Binuwai da Kwara a 2012 da 2022, mutane sun tsira da abin da hannu zai iya ɗauka. Inda tashin hankali ya kori jama'a daga ƙauyukansu, ba wanda ya iya tsayawa neman kyanwa. Ko ba wata masifa ma, tsoho yakan rasu ya bar karen farautarsa, ma'aikaci yakan sami canjin wurin aiki, karya takan haihu a bayan makaranta mota ta buge ta. A wurinmu, gidan maƙwabci shi kaɗai ne mafakar da dabba take da ita.

Bari mu ba ku labarin abin da muka gani a wani ƙauye da muka yi hidima. Wani iyali suka tashi da dare saboda tsoro, suka koma birni wurin ɗan'uwa, su bakwai a ɗaki ɗaya na haya. Karensu ya kwana uku a ƙofar gidan da ba kowa, yana kuka. Wata gwauruwa cikin zumuntar mata, wadda take zaune da jikanta, ta riƙa ajiye masa ɗumamen tuwo a bakin zana, har ya yarda ya bi ta gida. Da damina ta yi nisa, hatsi ya ƙare a rumbu, sai ga mai sayen karnuka ya zo ya taya shi da kuɗin da zai saya mata mudu da yawa na masara. Maƙwabta suka ce, “Mama, ki karɓa mana, wa ya san ko za su dawo?” Ta ce musu, “Idan na sayar, me zan gaya wa yaransu? Me kuma zan gaya wa wannan yaro da ke kallona?” Bayan wata takwas iyalin suka dawo. Karen ya ji muryar maigidansa tun daga nesa, ya tsinke igiya. Jikan matar ya yi kuka har ya ƙi cin abinci a ranar. Amma maigidan nan ya gaya mana cewa, cikin duk abin da ya bari, wannan ne kaɗai ya tarar kamar yadda ya bar shi, shi ne kuma ya ba shi ƙarfin zuciya ya sake zama a garin.

Mun sani a cikin kabilunmu akwai masu cin naman kare, akwai waɗanda ba sa ci. Ba wannan ne muke shari'arsa yau ba. Amma dabbar da aka ba ka riƙo, ko ka tsinta, ba ta kasuwa ba ce, ba kuma ta tukunya ba ce. Wanda ya sayar da ita ya ci amana.

Tambayar da ke zuciyar mutane

Wani zai ce, mutane suna kwana da yunwa, marayu ba su da kuɗin makaranta, ku kuna maganar kare? Tambaya ce mai kyau, kuma Littafi bai ɓoye amsarta ba. Yesu da kansa ya koyar cewa darajar mutum ta fi ta tunkiya nesa, a Matiyu 12:11-12. Amma ku lura, a wurin nan ya ɗauka cewa kowane mai hankali zai ciro tunkiyarsa daga rami ko da ranar Asabar ce. A Luka 12:6-7 ya nuna mun fi tsuntsaye daraja, bayan ya riga ya faɗa cewa Allah yana sane da kowane ɗayansu. Da matar nan Bahelena ta zo roƙo domin 'yarta a Markus sura 7, maganar da suka yi da Yesu ta nuna gida inda yara suke ci da fari, karnukan gida kuma suna samun abin da ya faɗo. Tsarin ke nan. Kada mai bi ya hana ɗansa abinci ya ba kare. Wanda gidansa ba ya da abin da zai ishe su, ba laifi ya ce ba zai iya riƙo ba, amma ya kai labari wurin wanda zai iya.

Gaskiya ne sau da yawa Littafi yana ambaton kare da ƙyama, domin karnukan birni a zamanin nan masu yawo ne a juji. Amma Ayuba yana da karnukan da ke tsaron garkensa. Li'azaru matalauci kuwa, a ƙofar mai arziki, karnuka ne kaɗai suka matso kusa da shi. Karin Magana 12:10 ya sa kula da dabba cikin alamun mutum mai adalci. Alkawarin da Allah ya yi da Nuhu a Farawa sura 9 ya haɗa da dukan masu rai da suka fito daga jirgi. Littafin Yunusa ma, da Allah yake faɗin dalilin da ya sa ya ji tausayin Nineba, ya lissafta dabbobin birnin tare da mutanen.

Akwai kuma amfaninmu a ciki. Kyanwa ɗaya mai lafiya tana tsare rumbu daga ɓeraye. Kare mai gida, wanda aka yi wa allura, yana tsaron gida. Wanda aka bari yana gantali kuwa shi ne ke kama kaji, shi ne kuma ke cizon yara a hanyar makaranta.

Jinƙai da hankali

A nan muna roƙonku ku kasa kunne sosai, gama akwai rai a cikin maganar. Ciwon haukan kare yana kashe mutane wajen 59,000 kowace shekara, bisa ga ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, galibi a Afirka da Asiya. Kusan dukansu daga kare suke kamuwa, kuma wajen 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Kyanwa ma tana iya ɗaukar ciwon.

Saboda haka kada a aiki yaro ya kamo baƙon kare. Idan kare yana dalalar da miyau, yana cizon duk abin da ya gani, muryarsa ta canja, ko ƙafafunsa na baya sun shanye, kada kowa ya taɓa shi. A kira ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma. Idan dabba ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin nan da nan da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sa'an nan a tafi asibiti a ranar domin allura. Kada a tsaya ga maganin gargajiya. Idan an iya tsare dabbar ba tare da hatsari ba, a lura da ita kwana 10, amma mai ciwon kada ya jira kwanakin nan kafin ya je asibiti. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya fara yi wa mutum wannan allura ta yi aiki. A nan ƙasarmu, cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda take wurin tun 1924, tana yin allurar rigakafi ta karnuka. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa karnuka 7 cikin 10 allura a gari, ciwon yakan daina yaɗuwa. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da wannan ciwo a duniya, a wasu wurare akan yi allura kyauta a lokacin. Rigakafi ya fi magani.

Idan kun karɓi dabba, ku ware mata wuri dabam wajen mako biyu, nesa da yara ƙanana da sauran dabbobin gida, da ruwan sha da inuwa. Ku kai ta wurin likitan dabbobi domin allura, da maganin tsutsar ciki, da na kaska da ƙuma. Kwikwiyo yakan karɓi allurar haukan kare idan ya kai wata uku. Dabbar da ta daɗe da yunwa, a ba ta abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kada a cika mata kwano a rana ta fari. Kada a ba ta ragowar miya mai yawan albasa da tafarnuwa, gama suna lalata musu jini. Dafaffen ƙashin kaza yakan tsage ya huda hanji. Kada a shafa wa kare baƙin mai ko maganin ƙwari na gona don ƙazuwa. Maganin kaska na kare ma yana iya kashe kyanwa. Farasitamol kuwa, ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe kyanwa. Mace mai ciki kada ta kwashe kashin kyanwa, wani ya yi mata. Kowa ya wanke hannu da sabulu bayan ya taɓa dabba.

Mu ma mun taɓa yin kuskure. Mun tsinci 'ya'yan kyanwa uku a ɗakin ajiya na majami'a, idanunsu ba su buɗe ba, uwar ta mutu. Muka ba su nonon saniya da cokali, muka bar su a kwali a kan siminti. Kafin gari ya waye biyu suna zawo, ɗaya ta mutu. Likitan dabbobi ne ya koya mana cewa nonon saniya ba ya karɓarsu, sanyi kuma yana kashe su da sauri fiye da yunwa. Jarirai irin waɗannan suna bukatar ɗumi, da madarar da likita ya nuna, kowane awa biyu zuwa uku, har da dare. Bayan kowane ci, a shafa musu ƙasan ciki da tsumma mai ɗumi kamar yadda uwa take lasa, in ba haka ba ba za su iya fitsari ba. Wajen mako huɗu sukan fara lasar abinci mai laushi, a mako takwas kuma za a iya ba da su. Biyun da suka rage sun rayu. Mun yi niyya mai kyau, amma rashin tambaya ya sa muka yi hasarar ɗaya.

Ku kuma yi shawara da likita a kan fiɗiya ga namiji, da aikin hana haihuwa ga tamata. Cikin kare da na kyanwa wata biyu ne kawai. Idan ba a kula ba, wanda ya ceci ɗaya bana zai wayi gari da goma baɗi, ya rasa yadda zai yi da su.

Ranar sallama

Abin da ya fi wuya a riƙo shi ne ranar da za a mayar. Kun yi jinya, kun yi rashin barci, yara sun raɗa mata suna, sai mai ita ya yi sallama a ƙofa. Shi ya sa yana da kyau tun ranar fari a gaya wa yara gaskiya, cewa baƙuwa ce, za ta tafi. A yi cigiya a majami'a ranar Lahadi, a gaya wa mai unguwa, a gaya wa maƙwabta ko da ba addininmu ɗaya ba. Idan mai ita ya zo, ya kamata shi ma ya san alheri ya taimaka da abin da aka kashe, amma kada mai riƙo ya riƙe dabbar jingina. Idan lokaci ya wuce ba wanda ya zo, ku nemi gidan da kuka amince da shi, ku je ku gani da idonku, ku faɗi gaskiyar halin dabbar. Idan tana kama kaji, ku faɗa. Idan ta taɓa cizo, kada ku ɓoye.

'Yan'uwa, mai bi ya kamata ya fi kowa gane wannan aiki. Zabura 24 da Zabura 50 sun tuna mana cewa duniya da dukan dabbobinta na Ubangiji ne. Gonarmu, da 'ya'yanmu, da numfashinmu, duk riƙo ne a hannunmu, kuma Mai su zai zo ya tambaya. Mu kanmu ɓatattu ne da Makiyayi Mai Kyau ya fita nema ya ɗauko a kafaɗa. Yaron da ya koyi ciyar da dabbar wani, ya kuma mayar da ita ko da yana hawaye, ya koyi abin da zai bukata ranar da za a ba shi ajiyar kuɗin ikkilisiya, ko riƙon marayan ɗan'uwansa. Yesu ya koyar a Luka 16:10 cewa daga ƙaramin abu ake gane mai aminci.

A wannan mako, bari kowane gida ya zauna ya yi tambaya. Akwai dabbar maƙwabci da aka bari ba mai kula? Karnukan gidanmu sun sami allura? Yaranmu sun san abin da za su yi idan kare ya cije su? Dattawan ikkilisiya, da zumuntar mata, da matasa, za ku iya gayyato ma'aikacin dabbobi ya zo harabar majami'a rana ɗaya, kowa ya kawo nasa.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba Mahalicci, kai ne ka yi mu, kai ne ka yi dabbobin gida da na jeji. Ka gafarta mana inda muka kawar da kai, da inda muka yi mugunta ga abin da ba ya da bakin kai ƙara. Ka ba mu zuciyar tausayi da hankali. Ka tsare yaranmu daga ciwo. Ka tuna da 'yan'uwanmu da suka bar gidajensu, ka komo da su lafiya, su tarar da amanarsu a hannunmu. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, idan Ubangiji ya yarda. Salamar Allah ta zauna tare da ku da iyalanku duka.